Darasin da Korona ta Bar wa Makarantunmu



A watan Maris na 2020, kwanaki kaɗan bayan an tashi bikin kamun kifi na Argungu, aka rufe makarantun ƙasar nan saboda annobar korona. Yaran firamare suka shafe wata shida a gida, aka ce su bi darasi ta rediyo. 'Ya'yanku na Abuja da Kaduna suna da waya da intanet. Namu na ƙauyukan fadama kuwa, rediyon na rataye a kafaɗar uba a gona. Da aka koma aji, wasu har baƙaƙen da suka sani sun ɓace musu.

An kuma umarci kowane yaro ya wanke hannu kafin shiga aji. To, da wane ruwa? Na san makarantar da randa ɗaya ke gare ta. Shekara na zagayowa, a 2021, sai ga kwalara ta shigo jiharmu.

Saboda haka nake roƙon wannan ƙungiya: kafin mu sake yi wa makaranta fenti, mu haƙa mata rijiya, mu gina makewayi, mu tanadi sabulu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya yi mana jagora.