DA WANE MUDU A KE AUNA LAIFI A GIDAJEN NAƘASASSU?

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne gidajen da a ke ajiye naƙasassu da tsofaffi don a lura da su, da yadda hukuma ke auna laifin masu riƙon waɗannan gidaje in sun karya doka. Kowa ya sani laifi ba ɗaya ba ne. Ma'aikacin da ya manta bai cika takarda ba, da wanda ya bar gurgu a kwance har bayansa ya yi gyambo, duka sun karya doka, amma ba mai hankalin da zai ɗora su a sikeli ya ce nauyinsu ɗaya.

A Amurka an yi wata doka a 1987 saboda irin waɗannan gidaje, a 1995 kuma aka fara aiki da wani ma'auni mai gida 12, daga harafin A zuwa L. In sufeto ya sami laifi, tambaya biyu zai yi. Ta fari, yaya girman cutar? Matakinta huɗu ne: wadda ba ta taɓa kowa ba, kuma ko ta taɓa ƙanƙanuwa ce, wadda ba ta taɓa kowa ba tukuna amma tana iya yin ɓarna, wadda ta riga ta cuci wani, sai wadda ta sa rai ko lafiya cikin haɗari nan take. Ta biyu, mutum nawa ta shafa? Ɗaya ko biyu ne, ko abin ya zama ɗabi'a, ko kuwa ya game gidan duka? Laifin da ya kai J ko K ko L, in ba a kawar da haɗarin cikin kwana 23 ba, Gwamnati sai ta yanke kuɗin da ta ke biyan gidan.

To, wannan mudu ya yi kyau, sai dai ku dubi hannun da ke riƙe da shi. Tsakanin F da G ne magana ta ke, don daga G ne a ke cewa an cuci mutum, hukunci kuwa ya yi tsanani. Mafi yawan laifuffukan da a ke rubutawa ba su kai nan. Shin don ba a cutar kowa ne? A 2008 ofishin bincike na Majalisar Amurka ya ba da rahoto cewa sufetoci suna tsallake manyan laifuffuka, wasu kuma su rage musu nauyi. Dalili a fili ya ke. Kafin a rubuta G sai an sami shaida, wanda aka cuta kuwa sau da yawa ba ya iya magana, ko yana tsoron wanda zai ba shi abinci da daddare bayan sufeto ya tafi.

Mutanen Ingila nasu mudun dabam ne. Su gidan duka su ke aunawa, su ba shi ɗaya daga cikin daraja huɗu, daga mafifici har zuwa wanda ya kasa. Akwai wani asibiti, Whorlton Hall, a arewacin ƙasar, inda a ke ajiye masu naƙasar ƙwaƙwalwa. A 2015 sufeto ya je ya rubuta cewa wurin yana bukatar gyara, aka ƙi buga rahotonsa. A 2016 aka ba asibitin darajar mai kyau. Sai a 2019 wata ma'aikaciyar BBC ta shiga a ɓoye da kyamara, duniya ta ga yadda a ke zagin majinyata, a ke tsorata su, a ke tsokanarsu don nishaɗi. A 2023 kotu ta kama ma'aikata huɗu da laifi. Shekara uku ke nan iyaye suna ganin darajar mai kyau a takarda, hankalinsu a kwance.

Ga ra'ayina, sufeto ya riƙa zuwa ba sanarwa, har da dare, ya zauna da majinyaci da danginsa ba ma'aikaci a kusa, kuma abin da ya rubuta a buga shi ko manya ba su so.

Mu nan Nijeriya an sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu cikin Janairun 2019. Ta ce kamfanin da ya nuna wariya a ci shi tarar naira miliyan 1, mutum kuwa naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. An ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shigar guragu, wa'adin ya cika a 2024. Ku je sakatariyar garinku ku ƙirga matakala, ku tambayi wakilinku sufeto nawa su ka zo aunawa.