Motar Da Ba Ta Shan Fetur: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara-shekara Na Ƙungiya

Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai da suka koyar da mu, shugabannin wannan ƙungiya, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu da rahama.

Kwamitin shirye-shirye ya ɗora mini nauyin in yi bayani a kan abin da zai gaji fetur a cikin mota, musamman iskar nan da ake kira haidurojin, wadda masu tseren motoci na ƙasashen waje suka sa a gaba. Na karɓa, domin kuwa duk wanda ke zaune a wurin nan ya san abin da fetur ya yi wa aljihunsa. Mun ga dogayen layuka a zamanin Abacha, lokacin da lita take naira 11 a gidan mai, amma sai a wurin 'yan bumburutu ake samu. Mun kuma ga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000.

To, mece ce haidurojin? Waɗanda ba su yi gyangyaɗi a ajin kimiyya ba za su tuna da iskar nan da malam ke tarawa a kwalbar gwaji, ya kusantar da ashana, sai a ji fau! Ita ce. Idan ta ƙone, watau ta haɗu da iskar oksijin, abin da ke fitowa ruwa ne. Ana sarrafa ta a mota ta hanya biyu. Ko dai a ƙona ta cikin inji kamar yadda ake ƙona fetur, ko kuma a bi da ita ta wata na'ura mai kama da batir, wadda ke haɗa ta da iska ta fitar da lantarki ya juya taya. Ta hanya ta biyun kamfanin Toyota ya bi da motarsa Mirai, wadda ya fitar a 2014. Tana ɗaukar kimanin kilo 5 na iskar, ta yi tafiyar da ta wuce kilomita 500, salansarta kuwa ruwa take ɗigarwa.

Su masu tsere sun fi son hanya ta farko, saboda ba sa son rabuwa da rugugin inji. A watan Mayu na 2021 Toyota ta shigar da wata Corolla mai ƙona haidurojin cikin tseren awa 24 na filin Fuji a Japan, kuma shugaban kamfanin na lokacin, Akio Toyoda, yana cikin direbobin. Motar ta kai ƙarshen tseren, amma sai da ta tsaya shan iska fiye da sau 30. A 2023 suka koma amfani da iskar da aka daskarar ta zama ruwa, wanda ba ya yiwuwa sai sanyi ya kai digiri 253 ƙasa da sifili. Ku kwatanta wannan da zafin Kano a watan Afrilu. Su kuwa masu babban tseren Formula 1 wata hanya suka ɗauka: daga 2026 dokarsu ta ce man da za a zuba a motocin kada ya zama an tace shi daga ɗanyen man da aka haƙo, sai dai wanda aka harhaɗa daga shara, ko ragowar tsirrai, ko iskar kabon da aka kamo.

Dokin hawan salla daban, jakin kai taki gona daban. Motar tsere dokin sarki ce, ba a tambayar kuɗin dawarta. Mu kuwa dole mu tambaya. Haidurojin ba a ɗebo ta a rijiya kamar ɗanyen mai, ƙera ta ake yi. Mafi yawan wadda duniya ke amfani da ita daga iskar gas ake ciro ta, wanda ke fitar da hayaƙin da ake gudu tun farko. Idan kuwa daga ruwa za a raba ta, kowane kilo ɗaya yana cin lita 9 ta ruwa mai tsabta da kimanin yunit 50 na lantarki. Ku dubi mitar gidanku ku lissafa kuɗin yunit 50, sannan ku tuna cewa a unguwanni da yawa na cikin gari 'yan garuwa ne famfonmu. Bayan haka sai an matse ta cikin tukunya har ninki 700 na nauyin iskar da ke kanmu, domin ko da yake kilo ɗaya nata ya yi kusan uku na fetur wajen ƙarfi, ba ta da nauyi, wuri take ci. A ganina, mu da muke nan da wuya mu ga gidan sayar da haidurojin a Ƙofar Nasarawa. Jikokinmu, Allah masani.

Abin da ya riga ya shigo mana shi ne gas ɗin mota da ake kira CNG, da kuma batir. Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin mayar da motoci masu amfani da CNG a 2023. Tun a watan Yuni na 2020 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an kuma sha ɗage ranar kammala shi. Wannan bututu shi ne jigon maganar, domin muddin a bayan tirela gas yake zuwa daga kudu, kuɗin dako zai riƙa cinye rangwamen. Ta fuskar batir kuwa ba baƙi ba ne mu. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana surar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas ya sa musu batir.

Yanzu ga inda hankalina ya fi tashi. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, A Daidaita Sahu ce ƙafar mutanen birni, daga Kabuga zuwa Mandawari, daga Kurmi zuwa Ƙofar Wambai. Mai A Daidaita shi ne zai fi kowa gaggawar barin fetur, domin sai ya fitar da kuɗin mai da na balas kafin ya kai cefane gida. Shi ne kuma zai fi neman mai araha. Tukunyar CNG tana ɗauke da matsin da ya ninka na iskar waje sau 200. Ta gas ɗin girki da ke gidajenmu ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Tukunyar CNG ta gaskiya ba ta da ɗinkin walda ko ɗaya a jikinta, kuma tana da ranar da za a sake gwada ta. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a Benin, mutane suka ji munanan raunuka, aka gano tukunyar haɗin mai walda ce. Wancan a fili ya faru. Ku ɗauko shi ku ajiye a lungun Yakasai ko Alfindiki, inda katanga ke jingine da katanga, mai A Daidaita ke kwantar da kekensa a zaure kusa da almajirai, motar kashe gobara kuma ba ta iya shiga.

Kada a ce na ɓata gas. Fetur ma ba ɗan goyo ba ne. A cikin wannan watan dai na Oktoba 2024 tankar mai ta kama wuta a Majiya ta Jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka rasu. CNG ma tana da wata falala: ba ta kai iska nauyi ba, idan ta tsiyaye sama take yi, saɓanin gas ɗin girki da ke kwanciya a ƙasa. Amma a ɗakin da aka rufe ruf, babu saman da za ta tafi.

Makanikanmu na Ƙofar Ruwa gwanaye ne, kowa ya shaida. Su ne suka raya Fijo 504 ta Kaduna shekaru bayan an daina harhaɗa ta. Sai dai gwanintar tasu ta ido da kunne ce, a saurari inji a gane ciwonsa. Matsin gas da wutar babban batir ba sa ba da wannan dama, awo suke so da lissafi, kuskure ɗaya ya isa. Mu kuma a cikinmu akwai injiniyoyi, da malaman Jami'ar Bayero da na kwalejin fasaha, da 'yan kasuwa masu hali.

Saboda haka ina gabatar wa shugaban taro shawara biyu. A cikin kuɗin da muke tarawa kowace shekara domin fenti da gyaran katanga, a ware wani kaso a farfaɗo da ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, ko yaran yanzu sa ji ƙarar nan ta fau da kunnensu maimakon su haddace ta a littafi. Sannan a ɗauki nauyin yara goma daga cikin masu kammalawa, a tura su cibiyar da hukuma ta amince da ita su koyi ɗora tukunyar gas da duba ta, da sharaɗin kowannensu zai koyar da makaniki biyu idan ya dawo. Ni na ɗauki nauyin yaro ɗaya. Sakatare yana da takarda a hannunsa, mai so ya rubuta sunansa kafin a tashi salla.