Jawabi a Kan Ma'aikatan da Ba Su da Albashi

 A ranar jubili an saba ambaton sunayen Turawan mishan da manyan fastoci, wannan kuwa daidai ne. Amma yau muna so mu yi magana a kan waɗanda su ke ɗauke da aikin ekklesiya ba albashi, musamman sa'ad da a ke sake tsari, ana kafa sabuwar majalisa. Za mu ɗauko misali daga 'yan'uwanmu na Metodis a ƙasar Ghana.

Bari mu fara daga tushe. A shekara ta 1742 jama'ar John Wesley a birnin Bristol na Ingila suna da bashi a kan ɗakin sujadarsu. Sai wani mutum, Kyaftin Foy, ya ba da shawara kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Aka ce waɗansu ba su da ko kwabon. Shi kuwa ya yarda a ba shi matalauta 11, ya bi su gida gida, wanda ya kasa shi zai cika masa. Aka raba jama'a kashi kashi, mutum 12 a kowane aji. Masu karɓar kwabo da su ka shiga gidaje, sai su ka tarar da abin da mai wa'azi ba ya gani daga bagade: ga mai ciwo, ga mashayi, ga miji da mata ba sa ga maciji. Da haka mai karɓar kwabo ya zama makiyayi. Daga nan shugaban aji ya samo asali, ba a kuwa biyansa.

Wannan tsari ya ƙetare teku. Joseph Dunwell ya sauka Cape Coast ran 1 ga Janairu 1835, domin waɗansu samari na garin, cikinsu har da William de Graft, sun roƙa a aiko musu da Littafi Mai Tsarki. Dunwell bai cika wata shida ba ya rasu. Fiye da shekara guda ba wani Bature, amma taron bai watse ba, gama Joseph Smith da de Graft da abokansu sun riƙe shi. Waɗanda su ka biyo baya su ma zazzaɓi ya ɗauke su, su da matansu. Sa'ad da Thomas Birch Freeman ya iso a 1838, ya tarar da jama'a a tsaye. Shi ne ya kai aikin Kumasi a 1839, ya kai Badagiri da Abeokuta a 1842, sunansa kuwa ya cancanci yabo. Amma da bai tarar da kowa ba, ina zai sa ƙafa?

Shekara 126 ekklesiyar nan tana ƙarƙashin Babban Taro na Ingila. Ghana ta sami mulkin kai a 1957, ekklesiya kuma ta sami nata a watan Yuli 1961, a Cape Coast inda aka soma. Aka sa hannu a takardar kafuwa, aka naɗa Rabaran F. C. F. Grant shugaba na fari, aka tsara ƙasar lardi biyar: Cape Coast, Akra, Kumasi, Sekondi da Winneba. Abin murna ne ƙwarai.

To, ku yi tunani a kan Lahadin da ta biyo baya. A ƙauyen da fasto ba ya zuwa sai lokaci lokaci domin Jibin Ubangiji, wa ya buɗe ƙofa? Mai wa'azi na gida ne, malamin makaranta ko manomin koko, wanda ya hau keke tun da asuba. Wa ya ƙidaya baiko? Wakilin ekklesiya, shi ma ba albashi. Sabon tsari ƙara musu kaya ya yi. Wanda ya ce zai mallaki kansa, shi zai ciyar da kansa. Sabuwar majalisa tana bukatar ofis da magatakarda da takardu da kuɗin tafiya, dukan wannan kuwa sai a raba a kan larduna, lardi ya raba a kan gundumomi, gunduma ta raba a kan majami'u, har ya sauko hannun shugabar aji, wata tsohuwa mai sayar da kifi, ita za ta bi gidaje tana tuna wa mutane. A ganinmu nan ne a ke yawan yin kuskure. Manya suna zama su yanka, ƙanana su ji labari sa'ad da takarda ta zo.

'Yan Metodis kansu sun daɗe kafin su gane wannan. Tun 1742 shugabannin aji su ke aiki, amma sai a 1878 aka yarda waɗanda ba fastoci ba su zauna a Babban Taron Wesley na Ingila. Shekara 136 ke nan suna ɗaukar kaya, ba su da baki a wurin da a ke ɗaura shi. A Ghana kuwa, sa'ad da aka sake tsari a taron Koforidua a 1999, larduna su ka koma dayosis, shugabanni su ka koma bishop, ba a kawar da su ba. Kusa da Babban Bishop akwai shugaba daga cikin jama'a wanda ba a naɗa shi fasto ba, haka kuma a kowace dayosis. Wannan ya yi kyau, ko da ya ke kujera a Akra ba ta rage wa mai keke nisan hanya.

Mu da mu ke karatu da Hausa, yawancinmu a irin wuraren nan mu ke, inda masu bi kaɗan ne, fasto kuma nesa. Aikin Metodis a arewacin Ghana bai kafu sosai ba sai a 1955, sa'ad da Rabaran Paul Adu ya tafi Wa. A zango ko a ƙauyen arewa, wanda ya tuba yakan zama shi kaɗai a gidansu, wani ma an daina cin abinci tare da shi. In shugaban aji ya gaji ya daina zuwa, ba wanda zai leƙa shi, ba kuwa wanda zai sani a majalisa sai an ƙidaya mutane a ƙarshen shekara.

Saboda haka, dattawa da fastoci, kadan za ku kafa sabuwar gunduma ko lardi, muna roƙonku kada ku yanka kuɗi sai masu tara shi suna zaune. Kada ku sa taro a tsakiyar damina, sa'ad da barin gona kwana uku hasara ce. Abin da aka yanka kuma a karanta shi da harshen da jama'a su ke ji, ko Hausa ko Dagbani ko Waali, gama takardar Turanci da aka manna a ƙofa ba ta gaya wa tsohuwa kome. Game da kuɗin mota, wakilin da ya zo daga ƙauye ba zai buɗe baki ya tambaya ba, kunya za ta hana shi. Ma'aji ya ba shi a hannu tun kafin a tashi taro, zuwa da komowa.