Allo da alƙalami, amma na kwamfuta: yadda nake bin kasafin kuɗi daga gida

Waɗanda data ta hana su sauraro, ga shirin a rubuce.

Bari in fara da kunyar da na sha bara. A wani taro na miƙe na ce an ware kuɗin gyaran wata firamare a yankinmu, amma shiru kake ji. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Yaro, a wane shafi ka gani?" Wallahi sai na yi tsuru-tsuru. Na karanta kam, amma a waya, cikin dare. Ban riƙe shafi ba, ban riƙe adadi ba.

Kasafin kuɗin jihar Kano yana intanet, haka na tarayya mai ɗauke da ayyukan mazaɓar Albasu, Gaya da Ajingi. Amma shafuka ne ɗaruruwa. Wa ke da kuɗin buga su a takarda?

Wani abokina da ya yi karatu a jami'ar Wudil shi ya nuna mini mafita: ɗan faifai baƙi, faɗinsa kamar littafin rubutu, da alƙalaminsa. Ni allon kwamfuta nake ce masa. Ka jona shi da kwamfuta ta USB, duk abin da ka rubuta a kansa sai ya fito a kan takardar da ka buɗe. Daga kwamfutar yake shan wuta, kuma yawancin alƙaluman ba sa buƙatar caji. Kamfanin Wacom na Japan, da aka kafa a 1983, shi ya yi fice a harkar. Akwai Huion da XP-Pen masu sauƙin kuɗi. Manhajar da nake amfani da ita, Xournal++, kyauta ce.

Ga yadda nake yi. In buɗe kasafin, in sa kwamfuta ta nemo kalmar Ajingi, ko Toranke, ko Balare. Duk layin da ya fito in kewaye shi. Ja, aikin da nake da tambaya a kai. Shuɗi, wanda zan hau babur in je in duba. Kore, wanda na gani da idona an yi. A gefe in rubuta lambar shafi da adadin kuɗin.

Kuma fa ba baƙon abu ba ne. Ku duba littattafan malamanmu na zaure, gefen kowane shafi cike yake da sharhin hannu. Abin da ya fi burge ni ma, ina iya yin bayanin da ajami, in tura shafin ta WhatsApp, dattijon da bai yi boko ba ya karanta da kansa.

Gargaɗi uku. Na ɗaya, kwanakin farko rubutunka zai zama kamar tafiyar kaza, domin ido na kan kwamfuta, hannu na kan allo. Ka yi haƙuri, hannu zai faɗa. Na biyu, kullum ka ajiye asalin takardar daban, kada a ce ka sauya wani abu. Na uku, ganin aiki a kasafi ba ya nufin an saki kuɗinsa. Tambaya za ka yi, kada ka yi saurin kiran mutum ɓarawo. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 don irin wannan tambayar aka yi ta.

Ba ka da kwamfuta? Ku haɗu ku biyar a kan ta mutum ɗaya, ku raba mazaɓu goma na Ajingi, kowa ya ɗau biyu.

Bana na koma irin wancan taron. Da aka ce wane shafi, sai na miƙa wayata, ga jan da'ira a kewaye da layin. Dattijon nan ya gyara tabarau, ya karanta, ya ce a turo masa.

Ku faɗa mana aikin da kuke so mu duba a garinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.