Koya wa Ƙananan Yara Ƙwallo Ta Hanyar Wasa

An nemi in yi magana a kan wani abu da ƙungiyarmu za ta iya yi wa makarantun firamare na Kaugama ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Na zaɓi darasin motsa jiki, musamman koyar da ƙwallo ga 'yan aji ɗaya zuwa uku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Darasin yana cikin jadawali, amma kowa ya san yadda ake yinsa a wurare da dama. A jefa wa aji guda ƙwallo ɗaya, ƙarfafan yara su mamaye ta, ƙanana su yi ta bin ƙura, 'yan mata kuwa su koma gindin bishiya. A haka za a tashi, wani yaron ko sau ɗaya bai taɓa ƙwallon ba, balle ya koyi wani abu.

Maganin wannan shi ne a rarraba yara, kuma a ba su ƙwallo daidai da su. Ƙwallon manya, wato lamba 5, nauyinta ya kai giram 410 zuwa 450. Ta yi wa ƙafar ɗan shekara shida nauyi. Lamba 3 ita ce tasu, in kuma babu, ƙwallon tsumma ta wadatar.

Ga wasanni uku da kowane malami zai iya gudanarwa. Na farko, a tsayar da yara bibbiyu, taku uku tsakaninsu, suna jifa suna cafewa. Duk wanda ya cafe sai ya ja da baya taku ɗaya. Na biyu, a jera gwangwanayen madara, yaro ya gangaro ƙwallo da hannu ya zubar da su, daga baya ya gwada da cikin ƙafa. Wannan shi ne tushen saiti da miƙa ƙwallo ga abokin wasa. Na uku, a zana ƙananan filaye a ƙasa, a buga uku da uku ko huɗu da huɗu, ta yadda ƙwallo za ta riƙa zuwa wurin kowa. Da damina, idan ruwa ya kwanta a fili kamar yadda muka saba gani a ƙasar Haɗejiya, ana iya yin na farko da na biyu a barandar aji.

Kada mu ɗauka wannan baƙon abu ne. Carafke da 'yan mata ke yi horo ne na ido da hannu, langa kuwa tana koya wa yaro tsayuwa da ƙafa ɗaya, wadda sai da ita ake iya bugun ƙwallo. Malami mai dabara zai fara da waɗannan.

Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na matasa a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, ta kuma ci zinare a Atlanta a 1996. Ahmed Musa, wanda ya ci Iceland ƙwallo biyu a 2018, ya taka leda a Kano Pillars kafin ya tafi Turai. Ba kowane yaro ne zai kai nan ba, amma kowanne zai samu lafiyar jiki, ya koyi jiran layi, ya kuma koyi haƙuri idan an ci shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ina roƙon wannan taro ya amince da abu biyu: mu sayi ƙananan ƙwallaye mu raba wa makarantun da ke kusa da mu, sannan mu roƙi malamanmu na motsa jiki da suka yi ritaya su ba malaman firamare horo na yini ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.