Mas'alar Haɗa Kwamfuta Biyu a Gida da Kebul Ɗaya

 

Mas'alar da aka ɗora mini bayaninta a wannan zama ita ce ta mutumin da ke da kwamfuta biyu a gidansa, tsohuwa da sabuwa, yana nufin kwashe hotuna da takardu da karatuttukan da ya tara shekara da shekaru daga wannan zuwa waccan, alhali ba ya son kashe kuɗin data, ba shi kuma da na'urar rarraba sadarwa da za ta shiga tsakani. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, a yau wahalar wannan aiki ta bar jikin waya, ta koma wajen adireshi da izini.

Asalin fasahar, wadda ake kira Ethernet, ya samu ne a shekarar 1973 a ɗakin binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto ta ƙasar Amurka, a hannun Robert Metcalfe da abokan aikinsa. Kebul ɗin da muka sani yana ɗauke da silin waya takwas, an murɗe su biyu-biyu, suna ƙarewa a kan nan mai haƙora takwas da masu sana'a ke ce wa RJ45. A tsarin megabit 10 da na megabit 100, kwamfuta tana aikawa ta haƙori na 1 da na 2, tana karɓa ta na 3 da na 6. Saboda haka idan aka haɗa biyu da miƙaƙƙen kebul, sai baki ya fuskanci baki, kunne ya fuskanci kunne, kowacce tana magana babu mai saurare. Maganin da magabata a wannan fanni suka yi shi ne kebul mai giciye, wanda ake jera kansa ɗaya bisa ƙa'idar T568A, ɗayan kuma bisa T568B, ta yadda tagwayen kore da tagwayen ruwan lemo za su yi musayar gurbi.

Sai dai wannan hukunci, duk da cewa har yanzu ana karantar da shi kamar farilla, galibi illarsa ta gushe. Tun da aka tsayar da ƙa'idar gigabit a kan wayar tagulla a 1999, wadda ke aiki da tagwaye huɗun gaba ɗaya, kusan kowace kafar kebul ta zamani tana gane irin kebul ɗin da aka cusa mata, ta juya layukanta da kanta, kuma ya wadatar ɗaya daga cikin kwamfutocin biyu ta kasance da wannan hikima. Sharaɗin da ya rage shi ne kada tsawo ya haura mita 100, kuma a guji kebul na arha wanda cikinsa sanholo ne aka shafa masa tagulla, domin saurin karyewa gare shi.

To, a nan ne mafi yawan mutane suke tuntuɓe. Fitilar kafa takan kama, mai gida ya yi murna, sa'an nan ya duba ya ga babu abin da ya bayyana. Dalili kuwa, na'urar rarraba sadarwa, wadda babu ita a tsakani, ita ce da ma take raba adireshin IP, kuma da ta kau, sai kowace kwamfuta ta jira ɗan lokaci, sa'an nan ta zaɓar wa kanta lamba mai farawa da 169.254. Wannan yakan yi aiki, amma a ra'ayina abin da ya fi inganci shi ne mutum ya rubuta da hannunsa: 192.168.1.1 ga ta farko, 192.168.1.2 ga ta biyu, da 255.255.255.0 a gurbin da ke biye ga dukkansu, ya bar gurbin mashiga babu komai. Daga nan ya jarraba da umarnin ping. In amsa ba ta dawo ba, kada ya yi gaggawar zargin waya, domin sau da yawa katangar tsaro ta Windows ce ta ɗauki sabuwar hanyar a matsayin ta bainar jama'a, ta rufe ƙofa. Wajibi ne a shaida mata cewa hanyar ta gida ce, a buɗe rabon fayil, a kuma ba da suna da kalmar sirri.

Fa'idar kuwa lissafi ya isa hujja: gigabit ɗaya a daƙiƙa daidai yake da megabait 125, don haka kaya mai gigabait 100 zai ƙetare cikin kimanin rubu'in awa matuƙar faifan ajiya ya iya bin wannan gudu, alhali a megabit 100 sai ya haura awa biyu. Ina roƙon malaman da ke koyar da wannan darasi su rage lokacin haddar launukan waya, su ƙara na adireshi da izini.