Jawabin Sakataren Ƙungiya a Kan Haƙƙin Masu Aikin Haƙar Zinare

 

An umurce ni in yi magana a kan 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke barin Bangi da kewaye suna tafiya ramukan zinare da zarar an gama aikin gona. Neman halak ba laifi ba ne. Abin da nake so mu riƙe shi ne, wanda ya shiga rami yana da haƙƙi a kan mai rami, ko ɗan gari ne ko baƙo. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda garin asalinsa.

Mu fara da abin da ya faru a jiharmu. Ranar 3 ga Yuni, 2024, rami ya rufta da ma'aikata a Galadima Kogo, cikin ƙaramar hukumar Shiroro, bayan an tafka ruwan sama. Hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha ta ce fiye da mutum 30 ne ƙasa ta danne, 'yan sanda suka ce 20. Ku duba, jama'a: ko adadin mutanen ba a yi ittifaƙi a kansa ba. To, baƙon da ba a rubuta sunansa ba, wanda danginsa ke Sakkwato ko Zamfara, wa zai tsaya ya ce nasa yana ƙasa?

Hatsari na biyu shi ne wanda ke bin mutum har cikin gida. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. A 2015 ta sake ɓulla a yankin Shikira, cikin ƙaramar hukumar Rafi da ke maƙwabtaka da mu, yara 28 suka rasu. Sanadin duk ɗaya ne: ana kawo dutsen zinare gida, a daka a turmi ko a niƙa, ƙurar ta bi tsakar gida da kwanuka, yaro ya yi rarrafe ya kai hannu baki. Sai farfaɗiya, wani ya makance, wani ya rasu. Haka kuma zaibar da ake ƙonawa don ware zinare, hayaƙinta na lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Me doka ta tanada? Na ɗaya, dokar ƙwadago ta hana a sa yaron da bai kai shekara 16 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa. Na biyu, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da leburan da ake biya kullum-kullum. Idan ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, shi ko magadansa su sanar da mai aikin cikin kwana 14, mai aikin ya kai wa hukumar NSITF rahoton rauni cikin kwana 7, na rasuwa kuwa nan take, neman diyya kuma a shigar da shi kafin shekara ta cika. Amma duk wannan sai da shaidar cewa mutum ya yi aiki a wurin.

Saboda haka ƙungiya ta buɗe littafi. Duk wanda zai tafi rami ya biyo ta wurin sakatare a rubuta sunansa, da wurin da za shi, da sunan mai ramin, da wanda za a nema in wani abu ya faru. Ɗalibanmu na ajin yaƙi da jahilci sun yarda su riƙa taimakawa da rubutun.

Ku kuma samari, kada ku shiga rami bayan ruwan sama, ko ramin da ba a tokare bangonsa ba. Kada a kunna janareta ko injin jan ruwa a cikin rami, hayaƙinsa na kisa ba tare da mutum ya ankara ba. A jiƙa dutse kafin a niƙa. A yi wanka a sauya tufafi kafin a dawo cikin iyali.

Iyaye mata, ku ne masu tsaron ƙofa. Kada ku yarda dutsen rami ya shigo gida, kada ku ba da aron turmin hatsi. Yaron da ya fara amai da fizge-fizge a garzaya da shi asibiti, a kuma gaya wa likita irin sana'ar mahaifinsa.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya ji, ya isar wa wanda bai samu zuwa ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare mana zuri'a, ya sa albarka a nemanmu.